Ina son ƙara tsawon shimfiɗar tsakiyar tebur, amma taurarona ya ƙi haɗuwa

Sabuwar Hannu ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu ɗinki. Ina neman shawararku a kan wani aiki da ya tsaya mini tun makon jiya, kuma zan kawo awon duka domin duk wanda zai amsa ya ga inda na kauce.

Ina da takardar awo ta shimfiɗar tsakiyar tebur, irin wadda ake haɗa ƙananan ƙyallaye a yi fuska, a sa auduga a tsakiya da ƙyalle a baya, sannan a bi hawa ukun da ɗinki. Fuskarta gida 3 ne a jere, kowane gida tauraro ne mai tsini 8, kuma kowanne yana tashi inci 12 a kowane gefe idan an gama ɗinki. An kewaye su da ziri mai faɗin inci 1 da rabi, saboda haka tsawonta duka inci 39 ne, faɗinta kuma 15. Teburin da nake so in yi wa ita tsawonsa inci 72, faɗinsa 36, kuma ina son ta sauko inci 6 a kowane ƙarshe, wato inci 84 nake nema.

Na ga cewa idan na ninka komai sau biyu za ta kusan rufe teburin gaba ɗaya, sai na yanke shawarar ƙara rabi a kan kowane awo domin gida ya koma inci 18, in jera guda 4. Takardar ta ce a yanka ƙyallen kusurwa inci 3 da rabi, na ninka da 1.5 na yanka 5 da kwata. Ta ce na tsakiya 6 da rabi, na yanka 9 da kwata uku. Waɗanda ake tsagawa a fitar da tsinin tauraro ta ce 3 da 7/8, lissafi ya ba ni 5.8 da ɗoriya, na yanka kusa da haka gwargwadon abin da rula ta nuna mini. Da na zo haɗa gida ɗaya na gwaji, babu abin da ya zauna da ɗan'uwansa. Tsini biyu da ya kamata su yi daidai da ƙyallen tsakiya sun zarce shi da fiye da rabin inci, na ja na tsakiyar, na danne da fil, na ɗinka a haka, sai gidan ya fito da kumburi kamar ƙoƙo, guga ma ta kasa kwantar da shi. Na farke sau biyu har bakin ƙyallen ya fara zarewa.

Tun da lamba ɗaya na yi amfani da ita a kan komai, me ya sa ba su haɗu ba? Kuma shin ƙara girman gida ne hanyar da ta dace, ko akwai wadda ta fi ta? Na gode.

Tsohon Tela ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Hannunki bai yi laifi ba, kuma kekenki ma ba shi ne ya jawo wannan kumburin ba. Matsalar ita ce kowane awon yanka da ke cikin takardar abu biyu ne a haɗe: akwai girman da ƙyallen zai nuna a fuska bayan ɗinki, akwai kuma abin da ɗinki zai ci. A wannan irin aiki, ɗinki yana cin kwatar inci a kowane gefe, wato rabin inci ke nan a faɗin kowane ƙyalle mai kusurwa huɗu. Shi wannan cin ɗinkin ba ya girma don gida ya girma, domin ko gidan ya kai faɗin tabarma, kwatar incin nan ce dai allura za ta bari. Ke kuwa da kika ninka awon yanka, kin ninka har da shi.

Mu bi lambobinki ɗaya bayan ɗaya. Ƙyallen kusurwa da kika yanka 5 da kwata, idan ɗinki ya ci rabin inci zai nuna 4 da kwata uku, alhali 4 da rabi ake nema. Na tsakiya da kika yanka 9 da kwata uku zai nuna 9 da kwata. Su kuma masu tsini, da yake abin da ake ƙara musu 7/8 ne ba rabi ba, ninkawar ta fi yi musu ɓarna, kowanne ya fito kusan inci 5, biyu a jere kuma kusan 9 da 7/8. Ki cire 9 da kwata daga ciki, saura 5/8, wanda shi ne rabin inci da ɗoriyar da kika gani ya zarce. Kowane irin ƙyalle ya sami nasa ƙarin daban, shi ya sa suka ƙi zama tare.

Hanyar da ta dace mataki uku ce. A fara cire cin ɗinki daga awon yanka, a ninka abin da ya rage, sannan a mayar da cin ɗinkin yadda yake. Tauraron nan naki gurbi 4 ne a tsaye, 4 a kwance, kowane gurbi inci 3. Idan gida zai koma 18, gurbi ya zama 4 da rabi, saboda haka kusurwa a yanka 5, tsakiya ta nuna 9 a yanka 9 da rabi, masu tsini kuma 4 da rabi a ƙara 7/8, a yanka 5 da 3/8. Da haka kika yanka, da sun zauna lafiya.

Sai dai ban ba ki shawarar ki yi gidan inci 18 ba ko da lissafin ya gyaru. Idan kika sa masa ziri a gefe zai wuce inci 20, a kan tebur mai faɗin 36 kuwa abin da zai rage wa mai zama a kowane ɓangare bai kai inci 8 ba, faranti zai hau kan ɗinkin rabi a sama rabi a ƙasa. Ita shimfiɗar tsakiya tsawo kawai kike so ki ƙara mata, faɗinta ba shi da laifi, don haka ƙara yawan gidaje ya fi ƙara girmansu. Akwai kuma maganar yadi: abin da aka ƙara wa rabi a tsawo da rabi a faɗi, filinsa ya ninka sau 2 da kwata, ba sau 1 da rabi ba, kuma mutane da yawa sai yadi ya ƙare musu a tsakiyar aiki suke gane haka.

Ga yadda zan tsara inci 84 ba tare da taɓa awon tauraro ba. Gida 5 na inci 12 sun ba ki 60. Ki sa ziri mai faɗin inci 3 a tsakanin kowane gida da na kusa da shi, guda 4 ke nan, sun ba ki 12, an sami 72, daidai tsawon teburin. Sai ki sa ƙyalle marar ado na inci 6 a kowane ƙarshe, su ne za su sauko. Da wannan tsarin duk taurarin suna kwance a saman tebur, babu wanda ya karye a baki, kuma da yake su 5 ne, ɗaya yana zaune a tsakiya cif. Idan kin fi son taurari da yawa, gida 6 da ziri mai faɗin 1 da kwata uku a tsakani da kewaye zai ba ki 84 da kwata, kuma wannan kwatar babu idon da zai kama ta. Illarsa ita ce tsakiyar teburin za ta faɗa a kan ziri, taurarin ƙarshe kuma za su lanƙwasa a baki. Ni na farkon na fi so. Kada ki manta cewa waɗannan duk awon bayan ɗinki ne, zirin inci 3 ana yanka shi 3 da rabi.

Mai Taurari ta rubuta:

Ƙanwata, bayanin Malam a kan cin ɗinki babu abin da za a ƙara masa, ki rubuta shi a bayan takardarki. Inda na saɓa da shi kaɗan shi ne cewa faɗin inci 15 ba shi da laifi. Abin da aka saba bi shi ne shimfiɗar tsakiya ta ɗauki kamar sulusin faɗin tebur, naki kuwa sulusinsa inci 12 ne. Idan kika bar ta a 15, kowane ɓangare zai sami inci 10 da rabi, babban faranti kuma yakan kai inci 10 zuwa 11, sai ki ga bakinsa yana taɓa ɗinkin. Idan teburin na ado ne wanda ba a cika zama a kansa ba, 15 ta yi kyau. Idan ana amfani da shi kullum, ni rage gidan zan yi, ba ƙara shi ba.

Gida mai gurbi 4 yana da sauƙin hali, domin duk cikakken incin da kika raba huɗu zai faɗa a kan kwata ko rabi, waɗanda suke rubuce a jikin rula. Da tauraronki mai gurbi 3 ne, da inci 10 ya ba ki 3 da sulusi, wanda ba za ki same shi a rula ba sai da kirdado, kuma irin wannan gidan a 6, 9 ko 12 ake barinsa. Naki kuwa a inci 10 gurbi ya zama 2 da rabi. Kusurwa a yanka 3, tsakiya 5 da rabi, masu tsini 3 da 3/8. Gida 7 a manne da juna, kamar yadda takardarki ta jera su tun asali ba tare da ziri a tsakani ba, sun ba ki 70. Ƙyalle marar ado na inci 7 a kowane ƙarshe ya cike 84, tauraron ƙarshe kuma ya tsaya inci 1 kafin bakin tebur. Ziri na inci 1 a gefe biyu ya kai faɗin 12. Bakwai ma ba ta rabuwa biyu, don haka tauraron tsakiyar da Malam yake so yana nan.

Zan faɗa miki abin da wannan zaɓin zai ci miki, domin ba kyauta ba ne. Kowane tauraro ƙyalle 21 ne idan kika ƙirga alwatikan ɗaya ɗaya. Gida 5 ƙyalle 105 ne, gida 7 kuwa 147, kuma duk lokacin da gurbi ya ƙanƙance, ƙaramin kuskure yana ƙara fitowa fili. A tsawon wannan tsarin akwai ɗinki 29 a jere: 21 a cikin gidajen, 6 a tsakaninsu, 2 a ƙarshe. Idan ɗinkinki yana wuce kwata da 1/16 na inci kacal, abin da ido ba ya ma lura da shi, kowane ɗinki yana cinye 1/8 domin ƙyalle biyu yake ci lokaci guda. Ki ninka sau 29, inci 3 da 5/8 sun tafi. Wannan ya taɓa faruwa da ni a wata doguwar shimfiɗa. Na yanka zirin gefe bisa lissafin takarda, na zo ɗora shi, sai ga shi ya fi jikin aikin tsawo da kusan faɗin tafin hannu. Maimakon in tsaya in auna, sai na riƙa tura rarar a ƙarƙashin allura kaɗan-kaɗan, aka gama gefen yana ta igiyar ruwa, har yau kuma bai kwanta ba duk wankin da ya sha.

Saboda haka, kafin ki sake yanka yadin kirki, ki gwada kekenki. Ki yanka ziri 3 daga ragowar ƙyalle, kowanne faɗin inci 1 da rabi, ki haɗa su a jere, ki goge, ki auna. Na tsakiya ya nuna inci 1 cif, duka ukun kuma 3 da rabi. Idan sun gaza, ki matsar da allura ko ki manna ɗan tef a farantin keken ya zama miki iyaka, ki sake gwadawa har ya fito. Za ki ga cewa ɗinkin da yake ba da awo daidai yana ƙasa da kwata da kamar kaurin zare ɗaya, domin naɗewar ƙyalle a wurin guga tana cin nata rabon.

Game da masu tsini, ni ba na yanka 3 da 3/8. Ina yanka 3 da rabi, in kifa mai haske a kan mai duhu, in ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, in ɗinka kwata a kowane gefen layin, in tsaga a kan layin, in goge, sannan in datse kowanne ya koma inci 3 daidai, layin ɗinkin yana ratsa kusurwa biyu. Datsewar tana cin lokaci, guda 56 ne, amma ita ce take sa tsinin tauraro ya fito da kaifi. Wurin guga kuma ki riƙa ɗora dutsen ki ɗaga, kada ki ja shi, domin ɗinkin da ya ratsa yadi a karkace yana miƙewa da sauri.

Mai Rula ya rubuta:

Malama, ƙarin bayani ne kawai a kan lambobin, ko da wata rana za ki haɗu da takardar da ba ta zo da sauƙi irin wannan ba.

Wannan 7/8 ɗin ba haddar banza ba ce. Idan aka tsaga murabba'i daga kusurwa zuwa kusurwa, gefe biyu na miƙe suna cin kwata a fuskarsu, amma ɗinkin da ke karkace yana cin fiye da haka idan aka auna shi a tsaye, kuma jimillar tana kamawa cin ɗinki sau 3.414. Kwatar inci sau 3.414 ta ba da 0.85, aka cike ta zuwa 7/8 domin ta hau rula. Amfanin sanin haka shi ne ga mai aiki da santimita. Idan cin ɗinkinki santimita 0.75 ne, ki ƙara 1.5 a kan mai kusurwa huɗu, ki ƙara kamar 2.5 a kan wanda za a tsaga. Kada ki juya awon inci zuwa santimita ƙyalle bayan ƙyalle, domin inci 12 santimita 30.48 ne, kuma guntayen da za ki riƙa zubarwa za su taru su dawo miki da kumburin nan. Gara ki sake zana gidan a santimita 30 ko 24, ki raba huɗu, ki fara daga nan.

Injin fotokofi ma yana yin kuskuren da kika yi, domin yana faɗaɗa layin yanka tare da layin ɗinki. Yana da amfani ga zanen fure ko ganye da za a ɗora a kan ƙyalle, ko gida mai lanƙwasa da ba a iya yanka shi da rula. A raba girman da ake so da girman asali a ninka da 100: daga 12 zuwa 10 kashi 83 ne da ɗan ɗori, daga 12 zuwa 18 kuma 150. Idan takarda ta fito, layin ɗinki kawai za a amince da shi, a share na waje, a sake zana kwatar inci da hannu. A kuma auna abin da ya fito da rula kafin a sa almakashi, domin injin buga takarda yakan rage zane da kansa don ya shiga shafi.

Sabuwar Hannu ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Malamai da Yaya. Yanzu na ga inda na kauce, kuma na ji kunyar yadda na riƙa zargin ƙyallen.

Na yanka tsohuwar jarida faɗin inci 15 da kuma faɗin 12, na shimfiɗa kowacce a kan teburin, na jera faranti a gefe kamar za a zauna. Gani ya kori ji: a kan ta 15 bakin farantin yana hawa takardar, a kan ta 12 kuma akwai sarari. Don haka na ɗauki tsarin Yaya na gida 7, tare da neman afuwar Malam, wanda lissafinsa ne ya buɗe mini ido.

Na kuma yi gwajin ziri ukun. Na tsakiya ya fito 7/8, duka ukun 3 da kwata, wato kekena yana cin daidai abin da Yaya ta kwatanta, ni kuwa ina ta bin bakin ƙafar keken da zaton kwata ce. Na manna tef, a gwaji na uku ya ba ni 3 da rabi. Gida ɗaya da na haɗa yau ya fito inci 10 da rabi kafin a haɗa shi da komai, kuma ya kwanta sumul.

Abin da ya rage mini shi ne yadi. Lissafin takardar na shimfiɗa mai inci 39 ne, ban san yadda zan fitar da na 84 ba, musamman ƙyallen baya, tun da faɗin yadin bai kai ko rabin abin da nake nema ba idan na haɗa da rara. Kuma na ji ana cewa aikin yana raguwa bayan an bi shi da ɗinki an wanke. Shin in ƙara wani abu tun yanzu?

Mai Taurari ta sake rubutawa:

Madalla, ƙanwata. Inci 10 da rabi shi ne daidai, wannan rabin shi ne ɗinkin haɗa gidaje zai ci.

Yadin auduga da ake wannan aiki da shi faɗinsa inci 42 zuwa 44 ne, amma ki yi lissafi da 40, domin bakinsa mai tauri ana yanke shi, wanki kuma yana rage wani abu. Na ɗauka launi biyu kike amfani da su. Na tauraro zai ba ki tsakiya 7 masu inci 5 da rabi, waɗanda ziri ɗaya ya ishe su, da murabba'i 28 masu 3 da rabi, ziri 3 ke nan tun da kowanne yana fitar da 11. Jimilla inci 16, rabin yadi ya isa. Na fili, wato launin da ke kewaye da tauraron, shi ne mai ci: kusurwa 28 masu inci 3, wasu 28 masu 3 da rabi, ƙyallen ƙarshe 2, da zirin gefe. Lissafinsa yana taɓa yadi 1 har bakinsa, saboda haka ki sayi 1 da kwata, domin yanka ɗaya da ya karkace kada ya tsayar da ke.

Maganar raguwa gaskiya ce, kuma a doguwar shimfiɗa an fi ganinta. Audugar ciki ta zalla takan ja kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, kashi 3 na inci 84 kuwa inci 2 da rabi ne. Ɗinkin da ake bin hawa ukun da shi ma yana tattara aikin, kuma gwargwadon kusancin layukan, gwargwadon abin da zai ja. Ki wanke yadin fuska da na baya kafin yanka, wannan ya rage miki wani kaso. Sannan ƙyallen ƙarshe da ya kamata a yanka 7 da rabi, ki yanka shi 8 da rabi, faɗinsa 10 da rabi. Babu tsini a cikinsa, don haka bayan kin gama ɗinkin hawa uku za ki iya shimfiɗa aikin a kan teburin ki datse abin da kika ga ya yi yawa, ko ki bar shi saboda wanki.

Zirin gefe kuwa kada ki yanka tsawonsa sai kin haɗa gidajen da ƙarshen duka. Ki shimfiɗa, ki auna ta tsakiyar aikin, ba ta baki ba, domin baki yana miƙewa. Ki yanka ziri biyun a wannan awon ɗaya, ki naɗe kowanne ki sami tsakiyarsa, ki danne da fil a tsakiya da ƙarshe biyu kafin ki cike tsakani. Da haka na yi a waccan shimfiɗar tawa, da ba ta yi igiyar ruwa ba.

Ƙyallen baya da auduga su fi fuska da inci 2 zuwa 3 a kowane gefe, wato kamar 90 a tsawo, 18 a faɗi. Idan kika yanka a faɗin yadi, biyu a haɗe ba su kai 90 ba, sai kin yi uku. Mafi sauƙi ki sayi yadi 1 da kwata, inci 45 ke nan, ki tsaga shi a tsawonsa ki fitar da biyu masu faɗin 18, ki haɗa su kai da kai, ki sami 89 da rabi da ɗinki ɗaya a tsakiya, ki buɗe shi da guga domin kada ya yi tudu. Idan ba ki son ɗinki ko ɗaya a baya, yadi 2 da rabi ne, kuma ragowar faɗinsa za ta ba ki zirin gefe marar haɗi da na rufe bakin aikin, idan launin ya dace da fuska.

Game da zirin rufe baki kuma, kewayen aikin inci 192 ne, ki ƙara 12 saboda kusurwoyi da haɗa ƙarshe, 204 ke nan. Ziri 5 suna kusa da isa amma haɗin da ake yi a karkace yana cin kowanne, don haka ki yanka 6 masu faɗin 2 da rabi, rabin yadi ya ɗauke su. Tun da bakin shimfiɗar a miƙe yake, babu lanƙwasa, ba sai kin yanka su a karkace ba.

Wurin bin hawa ukun da ɗinki, ki duba jikin ledar audugar, ana rubuta iyakar tazarar da za a bari tsakanin layuka. Ki fara daga tauraron tsakiya ki nufi ƙarshe ɗaya, ki dawo tsakiya ki nufi ɗayan, domin idan kika fara daga kai guda, hawan sama zai riƙa yin gaba kaɗan-kaɗan har ya tara miki ninki a tauraro na bakwai. Ƙyallen ƙarshe marar ado ma ki bi shi da layuka masu tazara irin ta cikin taurarin, in ba haka ba tsakiya za ta ja ta bar shi da faɗi, ya riƙa buɗewa a inda ya sauko daga bakin tebur.